Tsakanin Ɗan Haya Da Mai Gida A Jekadafari: Yadda Ake Ɗaga Shawa Ba A Fasa Bango Ba

Cikin matsalolin da masu zaman gidajen haya ke fama da su a garin Gombe akwai manya waɗanda kowa ya san da su, kamar tsadar ɗaki, da biyan kuɗin shekara guda tashi ɗaya, da la'adar dillali, da ƙarancin ruwa. Akwai kuma ƙanana waɗanda ba a kai ƙararsu gaban hukuma, amma suna nan kowace safiya suna ɓata wa mutum rai. Ɗaya daga cikinsu ita ce shawar da aka kafa ƙasa-ƙasa a makewayi, ta yadda dogon mutum ba shi da halin tsayawa a ƙarƙashinta sai ya ranƙwafa, ruwa yana dukan ƙirjinsa, kansa kuwa a bushe.

Mai karatu yana iya cewa wannan ai ba abin ɓata tawada ba ne, tun da inci 10 ko 12 ne kawai ke tsakanin wahala da jin daɗi. To, amma a kan waɗannan 'yan incin ne wani ɗan haya yakan ɗauko sifana ya murɗa bututu har ya karye a cikin bango, ruwa ya yi ta jiƙa ginin har filasta ta kumbura. Daga nan sai cacar baki da mai gida, sai biyan diyya, wani lokaci har da takardar notis ta barin gida. Wani kuma yakan kashe kuɗinsa ya ɗaga shawar lafiya lau, ya buɗe famfo, ya tarar ruwan da yake zuba da can ya koma ɗigo. Dukansu biyu garin neman gira sun rasa ido. Dalili kuwa shi ne tsayin shawa a gidan haya ba mutum ɗaya ne ke yanke shi ba. Akwai hannun magini a ciki, akwai tsayin tankin ruwa, akwai kuma haƙƙin mai bango. Wanda ya san waɗannan zai iya miƙe wuyansa a makewayi ba tare da ya yi asarar ruwa ko mutunci ba.

YADDA UNGUWAR TA CIKA DA 'YAN HAYA

Garin Gombe na yanzu ba tsohon gari ba ne idan aka gwada shi da Kano ko Katsina. Masarautar dai Modibbo Buba Yero ne ya kafa ta a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, hedkwatarta kuma tana Gombe Abba. Turawan mulkin mallaka suka mai da ita Nafada a 1913, sa'an nan a 1919 aka kawo ta inda take a yau, watau Gombe Doma. Cinikin auduga da gyaɗa ya jawo baƙi, jirgin ƙasa ya iso a 1963, simintin Ashaka kuma, wanda ya fara fita a 1979, ya taimaka wajen maye ginin ƙasa da ginin bulo.

Babban canji ya zo ran 1 ga Oktoba, 1996, sa'ad da gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke Jihar Gombe daga Jihar Bauchi. Dare ɗaya garin ya zama babban birnin jiha, ma'aikatan gwamnati 'yan asalin yankin suka kwaso iyalansu daga Bauchi, gidajen da ke akwai kuwa ba su isa ba. Aka buɗe Jami'ar Jihar Gombe a 2004. Ƙidayar 2006 ta nuna Ƙaramar Hukumar Gombe kaɗai tana da mutane fiye da 260,000. Bayan haka rikicin Boko Haram ya koro jama'a masu yawa daga Borno da Yobe da Adamawa, da dama daga cikinsu kuma a Gombe suka sami mafaka.

Jekadafari, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar, tana tsakiyar wannan hada-hada, ga kuma Asibitin Ƙwararru na jiha a cikinta. Malamin asibiti da malamin makaranta da akawu da ɗan kasuwa kowa yana son ɗaki kusa da wurin nemansa. Masu gidaje suka ga kasuwa ta buɗe, suka kuma lura cewa ɗakin da ke da bayi a ciki ya fi kawo kuɗi. Saboda haka a tsofaffin gidaje da dama aka yanki gefen ɗaki aka kewaye, aka ja bututu, aka kafa shawa, galibi cikin gaggawa kuma ba da zanen masanin gini ba. A irin wannan aiki ne aka fi samun shawar da ta yi ƙasa.

ABIN DA KE SA TA ZAMA ƘASA

A Amurka da Turai al'adar masu gini ita ce a kafa kan shawa kimanin mita 2 daga daɓe, watau inci 80, ko kuwa ƙafa 6 da inci 8. Da wannan awo, mutumin da tsawonsa ya kai ƙafa 6 zai tsaya a miƙe, ya kuma sami kusan taƙi guda a bisa kansa.

Birkila a ƙasar nan kuwa da jerin bulo ya saba lissafi. Bulo mai inci 9 tsayinsa santimita 22 da rabi ne, idan aka haɗa da kwaɓin simintin da ke tsakani sai kowane jeri ya tashi kusan santimita 25. Jeri 8 ke nan ke ba da mita 2, jeri 7 kuwa mita 1 da santimita 75. Kuskuren jeri guda tak ya isa ya sa dogon mutum ya yi shekaru yana wanka a sunkuye.

Har ila yau, mai aikin famfo yakan zo ne tun ba a yi daɓe ba, ya auna daga tsurar ƙasa, ko ma ya ɗaga hannunsa kurum ya yi alama inda ya ga ya dace da tsawonsa. Bayan ya tafi sai a yi ciko, a zuba kankare, a shimfiɗa tayil. A ɗakunan da aka ƙara wa bayi daga baya akan ma ɗaga daɓen ya zama kamar dandamali domin a rufe bututun masai. Wannan yana iya cinye santimita 15. Shi kuma wuyan shawar, watau guntun bututun da ke fitowa daga bango, a lanƙwashe yake zuwa ƙasa, kan shawar kuma yana rataye a bakinsa, nan ma santimita 10 sun tafi. Abin da aka auna mita 1 da santimita 90 sai ya ƙare a mita 1 da santimita 65.

Akwai kuma dalili na uku, wanda shi ba kuskure ba ne. Wani mai aikin famfon da gangan yake sauke shawar, domin ya dubi tankin gidan ya san iyakar inda ruwa zai iya kaiwa da ƙarfi.

RUWA BA YA HAWA SAMA DA MAFARINSA

Ruwan famfon garin Gombe daga madatsar Dadin Kowa yake zuwa, a kan kogin Gongola, kimanin kilomita 37 gabas da gari. An gina madatsar cikin shekarun 1980, babban aikin tace ruwan da turo shi cikin gari kuma an yi shi ne zamanin Gwamna Muhammad Danjuma Goje, wanda ya yi mulki daga 2003 zuwa 2011. Amma garin ya ci gaba da faɗi, ruwan kuma ba kowace sa'a yake zuwa kowane gida ba. Shi ya sa gidaje da yawa suka dogara ga tanki, wanda ake cikawa idan famfo ya kawo, ko daga rijiyar burtsatse, ko daga motar ruwa.

Gidan da ke amfani da tanki ba inji ne ke tura ruwa zuwa shawarsa ba, nauyin ruwan ne da kansa. Iyakar nisan da ke tsakanin saman ruwan da ke cikin tanki da kan shawa, iyakar ƙarfin zubarsa. Tun a 1643 wani masani ɗan ƙasar Italiya, Evangelista Torricelli, ya bayyana ƙa'idar wannan abu: idan tsayin ruwa ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, gudun fitarsa yakan ragu zuwa rabi. Masu aikin famfo a Ingila, inda tsofaffin gidaje ke da tanki a ƙarƙashin rufi, sukan nemi a sami aƙalla mita 1 tsakanin gindin tanki da kan shawa kafin su ce shawar za ta yi aiki sosai.

Alal misali, a ɗauka gindin tankin wani gida yana mita 2 da rabi sama da daɓen makewayi, shawar kuma tana mita 1 da santimita 75. Tsakaninsu santimita 75 ke nan. Idan ɗan haya ya ɗaga shawar da santimita 30, abin da ya rage 45 ne. Sa'ad da tankin yake cike, ruwan da ke cikinsa yana ƙara tsayin da mita guda ko fiye, saboda haka ragin da za a gani bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Amma da ruwan ya yi ƙasa ya kusa gindi, sai ƙarfin zubar ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ban da abin da dogon bututu da lanƙwasoshinsa ke cinyewa. Wannan ne ya sa wata shawar takan yi kyau da safe bayan an cika tanki, da yamma kuma ta koma zirara a jikin bango. In kuwa gindin tankin yana mita 4, ɗagawar santimita 30 ba za ta yi wani lahanin da za a lura da shi ba. Wanda ke zaune a saman bene, kusa da tanki, shi ya fi kowa bukatar yin wannan lissafi.

Kada kuma ɗan haya ya ce bari ya ɗaga tankin da kansa ta hanyar jera bulo a ƙarƙashinsa. Lita 1,000 ta ruwa nauyinta tan guda ne cur. Tankin da ya goce daga mazauninsa yana iya rusa katanga ya kuma halaka wanda ke kusa. Ƙara wa karagar tanki tsawo aikin mai gida ne da maƙerin da ya san aikinsa.

A GWADA KAFIN A SAYA

Akwai gwaji mai sauƙi wanda ba ya cin kuɗi. A jira lokacin da ruwan tanki ya yi ƙasa, a kwance kan shawar, a zura guntun tiyo a bakin bututun a ɗaure. A buɗe famfo, a riƙa ɗaga bakin tiyon sannu a hankali a jikin bango, ana duban yadda ruwan ke fita. Inda aka ga ƙarfinsa ya fara mutuwa a yi alama da alli. Shawar ba za ta yi amfani ba idan ta wuce wannan alama, kome tsadar kayan da aka saya.

Tun da an kwance kan shawar, ya kamata a duba ramukansa. Ruwan rijiyar burtsatse yakan bar wani farin busasshen abu kamar kanwa, wanda ke toshe su, ga kuma yashi da tsatsa. A jiƙa shi cikin ruwan lemun tsami ya kwana, a tsokane ramukan da allura. Sau da yawa ƙarfin da aka maido ta wannan hanya yakan biya wanda za a rasa wajen ɗagawa.

HANYOYIN DA BA SA TAƁA BANGO

Wannan matsala ba a Gombe aka fara ta ba. Wani Bature a Landan, William Feetham, ya yi rajistar wata na'urar wanka mai zubo ruwa daga sama. Shawa irin ta yau kuwa ana danganta ta da wani likitan gidan kurkuku a garin Ruwan na ƙasar Faransa, François Merry Delabost, wanda wajen 1872 ya tsara ta domin a yi wa fursunoni da yawa wanka cikin ɗan lokaci da ruwa kaɗan. Tun asali ke nan an yi ta ne a kafe wuri ɗaya, dogo da gajere kowa ya shiga. Sai a 1953 wani Bajamushe mai suna Hans Grohe ya fito da sandar da ake kafawa a bango, wadda kan shawa mai tiyo ke hawa da sauka a jikinta. Dukan dabarun da ɗan haya zai yi amfani da su a yau daga wannan tunani suka samo asali, watau a bar bututun inda yake, a matsar da bakin ruwan kaɗai.

Hanya ta farko ita ce canja kan shawar kawai. Wani kan dogo ne mai rataya, wani kuwa faifai ne marar kauri. Musanya ɗaya da ɗaya tana iya ba da santimita 5 ko fiye, wanda ga wasu ya wadatar.

Ta biyu ita ce ƙara wani guntun hannu mai gaɓa a bakin wuyan da ke akwai. Ana murɗa shi inda kan shawar yake da can, a ɗaga shi sama, a ɗaure gaɓar, sa'an nan a mai da kan a ƙarshensa. Yakan ba da taƙi guda ko fiye. Aibinsa shi ne idan kan yana da nauyi gaɓar takan saki ta riƙa sunkuyowa.

Ta uku ita ce cire wuyan gaba ɗaya a sa wani mai lanƙwasa zuwa sama kamar wuyan raƙumi. Wannan ya fi kyan gani, ya kuma fi ƙarko, amma shi ne ya fi haɗari, domin sai an murɗa abin da ke haɗe da gwiwar bututun da ke binne cikin bango. Ba aikin da ɗan haya zai yi da hannunsa ba ne.

Ta huɗu, wadda ta fi dacewa da gidan haya, ita ce shawar hannu mai tiyo. Tiyon yakan kai mita 1 da rabi. Ana ɗaura shi a bakin wuyan da ke akwai, a rataye kan a duk tsayin da ake so. Idan bangon tayil ne mai santsi, akwai mariƙi mai manne da gam ko mai tsotsar iska, wanda ba ya bukatar huji. Idan filasta ce ko fenti, irin wannan ba ya kamawa, sai dai a nemi izinin huda rami ɗaya ko biyu. A bangon tayil, in hujin ya zama tilas, a yi shi a layin da ke tsakanin tayil biyu. Kada kuma a huda daidai sama ko ƙasa da famfo, domin nan ne bututu ke bi.

A gidajen da bututun ke bin bayan bango a fili, aikin ya fi sauƙi: mai aikin famfo zai yanka ya ƙara guntu ya haɗa. Amma tun da an yanki kayan gida, wannan ma sai da yardar mai shi.

INDA AKE YIN ƁARNA

Kafin a taɓa kome, a rufe makullin ruwan da ke gindin tanki, a kuma sanar da maƙwabta. Wajen kwance kan shawa, a riƙe wuyan da filaya ɗaya bayan an naɗe shi da tsumma, a murɗa kan da wata, domin kada ƙarfin murɗawar ya kai ga abin da ke cikin bango. Tsohon bututun ƙarfe yakan yi tsatsa ya cinye daga ciki, na roba kuma idan ya daɗe cikin rana yakan bushe ya zama kamar ƙwai. Duk abin da ya ƙi motsi da matsakaicin ƙarfi, a bar shi a kira mai sana'a. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haɗin da ya tsage a ɓoye kuwa ba a ganinsa sai fenti ya fara ɓarewa a ɗakin maƙwabci. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yakan tara kusan lita 20 a kwana guda, watau kusan jarkar da ake saya wurin 'yan ga-ruwa.

Wajen ɗaurawa, akwai farin zaren roba da ake naɗawa a haƙoran murɗi domin hana yoyo. Ana yin sa ne da wani sinadari da Roy Plunkett ya gano a Amurka a 1938. A naɗa shi kamar sau biyar ta hannun dama, yadda hannun agogo ke tafiya, domin kada ya warware sa'ad da ake murɗawa. Bakin tiyo kuwa da 'yar robarsa yake zuwa a ciki, ita ce ke tare ruwa, saboda haka ɗaurin hannu ya ishe shi.

Masu sayen kayan gwanjo ko masu odar kaya ta intanet su lura da wani abu. Kayan famfon Nijeriya bisa awon Ingila suke, wanda ya samo tushe daga tsarin da Joseph Whitworth ya fitar a 1841, Amurka kuwa nata awon daban ne. A bututu mai rabin inci duka biyun haƙora 14 gare su a kowane inci, don haka sukan kama juna kamar sun dace. Amma yankan haƙoran ya bambanta, na Ingila digiri 55, na Amurka 60. Ana iya ɗaurawa ya yi kamar ya zauna, ya riƙa tsiyaya, in an matsa masa kuma ya ci haƙoran bututun mai gida.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne wutar lantarki. Shawar da ta yi sama ta matsa kusa da ƙwan fitila da wayarsa, shawar hannu kuma tana iya fesa ruwa ko'ina. A dubi inda ƙwai da makunni suke tukuna. Idan akwai hita a haɗe da shawar, kada wanda ba gwani ba ya taɓa ta ko kaɗan.

BANGON NA WANE NE?

Dokar da Nijeriya ta gada daga Ingila tana ɗaukar abin da aka kafe a jikin gini a matsayin wani sashe na ginin. Ɗan haya yana iya cire ƙananan kayan da ya sa domin jin daɗinsa kafin ya tashi, muddin cirewar ba za ta lalata gidan ba. Abin da ya binne cikin siminti kuwa ya bar wa mai gida ke nan. Dokar haya da Jihar Legas ta kafa a 2011 ta fito da maganar fili, inda ta hana ɗan haya yin canji ko ƙari a gida ba da rubutaccen izinin mai shi ba, ta kuma ba shi damar neman diyyar gyaran da ya yi da irin wannan izini idan mai gidan ya tashe shi. Wannan doka ba ta hau kan mutanen Gombe ba, amma takardun yarjejeniyar haya da lauyoyi ke rubutawa a ko'ina cikin ƙasa sukan ƙunshi sharaɗi makamancin wannan. A fiƙihun Malikiyya ma, wanda malaman ƙasar Hausa ke karantarwa daga littattafai irin su Risala, mai haya amintacce ne a kan abin da ya karɓa, ba ya biyan abin da ya lalace da kansa, amma yana biyan wanda ya ɓata ta hanyar ƙetare iyaka ko sakaci.

Game da wanda zai biya kuwa, ya kamata a bambanta lalacewa da rashin dacewa. Shawar da ke yoyo cikin bango ta lalace, gyaranta kuma bisa al'ada na mai gida ne. Wadda ke aiki amma ta yi wa mutum ƙasa ba ta lalace ba, don haka mai son ɗagawa shi zai ɗauki nauyi, sai fa in mai gida ya ga dama ya taimaka. Kuskure ne babba mutum ya yi gyara shiru, sa'an nan ƙarshen shekara ya zare kuɗin daga na haya. In za a yi haka, a yi shi da yarjejeniya tun farko, a rubuce, gaban shaidu.

Neman izinin ma yana da ladabinsa. A je wa mai gida da kai ko a bi ta hannun wakilinsa, a gaisa, sa'an nan a ce masa kamar haka: "Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Shawar ɗakina ta yi mini ƙasa. Ina neman izini in sa mata tiyo da kuɗina, ba za a taɓa bango ba, ran da zan tashi kuma zan mai da taka yadda na same ta." Da wuya dattijo ya ƙi irin wannan magana. Abin da masu gidaje ke gudu shi ne jin ƙarar guduma a gidansu ba da saninsu ba. Bayan an sami izini, a ɗauki hoton wurin da wayar hannu kafin aiki da bayansa, a kuma adana tsohon kan shawar a leda har ranar tashi.

IDAN MAKEWAYIN NA TARO NE

A gidajen da 'yan haya da yawa ke haɗa makewayi guda, akwai wani haƙƙin bayan na mai gida, watau na abokan zama. Abin da ya yi wa dogo ƙasa yana iya zama daidai ga wani. Matar da ta yi sabon kitso ba ta son ruwa ya sauko mata a ka, ta fi son shawar da ke tsaya mata a kafaɗa. Uwar da ke yi wa yara wanka ta fi son bakin ruwa kusa da hannunta. Tsoho ko majinyacin da ke wanka a zaune bisa kujera ba shi da bukatar shawa mai nisa. Idan kuma makewayin ba shi da rufi, ruwan da ke zubowa daga can sama iskar hunturu takan watsa shi, rabinsa ya tafi a banza, wani ma ya tsallaka katanga. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji masu iya magana, amma saɓanin da tiyon mita 1 da rabi zai iya kashewa bai kamata ya kai gaban mai unguwa ba. Shawar hannu da mariƙi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ta isa ta biya wa kowa bukata, in an haɗa kuɗin kuma ba wanda zai ji nauyinsa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka ba laifi ba ne ɗan haya ya nemi sauƙi a wurin da yake biyan kuɗinsa. Ranƙwafawa kullum a kan daɓe mai santsi, ga sabulu a ido, tana iya ƙarewa da faɗuwa. Abin da ake bukata gare shi shi ne ya auna ruwansa, ya nemi izini, ya zaɓi gyaran da za a iya warwarewa cikin 'yan mintoci. Su kuma masu gidajen da ke sabon gini a Jekadafari da Bolari da Pantami da sauran unguwanni, magani yana hannunsu tun kafin a yi filasta: a auna mita 2 daga inda tayil zai tsaya, a kuma ba karagar tanki tsawon da gindinsa zai zarce kan shawa da mita guda ko fiye. Guntun bututun da za a ƙara a wannan rana kuɗinsa bai kai na buhun siminti guda ba. Allah ya ba da zaman lafiya tsakanin masu gida da baƙinsu.